Tsohuwar Massey 35 ta gado: da me za a fara?

Abakar (Gadarif, Sudan): Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Wajen rabon gado an bar mini tsohuwar taraktar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, don babu mai sonta cikin 'yan'uwa. Massey Ferguson 35 ce, ƙarama. Ta daɗe a ajiye bayan gida, tayoyin baya sun nutse a ƙasa, jan fentin ya koɗe, injin kuma ko motsi ba ya yi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya, na hana. So nake in tashe ta, ta koma yadda ta fito daga kamfani, in Allah ya yarda har a fito da ita mutane su gani bayan girbi. Wani mai fenti ya ce in kai masa ita ya fara. Da me ya kamata in fara, kuma ina ake samun kayanta yanzu?

Malam Isa (Sinja): Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗora mana hotuna tukuna: gaba, gefen injin duka biyu, da ɗan farantin lamba da ke kusa da sitiyari. Usta Haruna yana cikin zauren nan, fagensa ne.

Usta Haruna (Gadarif): Abakar ɗana, mai fentin nan ka ce masa ya dakata. Fenti shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti, gobe zai kwance injin, baƙin mai da jaz, wato dizal, su zube a kan jan da ya biya kuɗi, sifana ta kankare sauran.

Kafin komai, ƙirga mini bututan ƙarfe da suka tashi daga turumbar jaz, wato famfon da ke tura mai, suka hau kan injin. In huɗu ne, injin Standard ne da ake kira 23C, wanda 35 ta fara fitowa da shi. Tafiyarsa da laushi, amma yana da taurin kai wajen tashi, isbir ɗinsa, wato kayan gyaransa, kuma sai an sha wuya. In uku ne, Perkins ne, wanda suka koma sa wa 35 daga 1959. Shi wannan danginsa suna nan birjik har yau.

Abakar (Gadarif): Uku ne, Usta. Ga hotunan.

Usta Haruna (Gadarif): Madalla, aiki ya zo da sauƙi. Amma na ga salansarta sama take kallo, kuma babu ko gwangwani a bakinta. Duk daminar da ta yi a wurin nan ta sha ruwa ta can. Silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, ita ce ta tara ruwan, kuma ita ce ta riƙe injin.

Kada ka yarda kowa ya ce a ɗaure ta da lori a ja don ta saki. Haka ake lanƙwasa hannun fistin, ko a karya haƙorin giya. Cire nozul ɗin nan uku masu fesa jaz a silinda, ka zuba jaz haɗe da jan man giyar mota mai otomatik a kowane rami, ka toshe da tsumma. Bar ta mako biyu, kana ƙarawa in ya tsotse. Bayan nan ɗaga tayar baya ɗaya da jak, ka tokare da katako mai kauri, ka sa babbar giya, ka riƙa jijjiga tayar gaba da baya da hannu. Yi wa fulin gaban injin alama da alli. In alamar ta gusa ko da faɗin farce ne, ta fara saki. Kada ka tilasta. Ƙara mai, dawo gobe.

Yayin da kake jira, kwance tankin mai ka wanke shi, don jaz ɗin da ya daɗe yana komawa danƙo. Buɗe tukunyar tace iska, wadda ake zuba mai a gindinta, na tabbata zanzaro ya yi gida a ciki. Wayoyi kuwa ɓeraye sun gama da su, kada ma ka ɓata lokacin faci.

Kawu Sale (Damazin): Ni dai abin yana ba ni mamaki. Jaz ya yi tsada, mutanen Jazira an kwashe musu taraktoci a yaƙin nan suna neman wanda zai huɗe musu hawasha, wato gonakinsu, ku kuma kuna maganar yi wa ƙarfe kwalliya a fito da shi kallo. Wannan 'yar abar ma ba za ta ja babban diski a baƙar lakar Gadarif ba. Sayar da ita, ɗana, ka haɗa kuɗin ka shiga tarayya da masu babbar Massey 290. Kuma kada wani ya ce mini da tsohuwar zuma ake magani.

Usta Haruna (Gadarif): Kawu, diski kam ba za ta ja ba, gaskiyarka. Faffaɗan diskin da ake shuka dawa da shi yana son doki 70 zuwa sama, wannan kuwa doki 37 ne. Amma ba don shi aka yi ta ba. Garma mai baki biyu, tirelar ruwa, ɗaukar buhunan riɗi daga gona, aikin lambu a bakin kogi, juya injin sussuka da sandar bayanta mai juyawa. Duk wannan tana yi da man da babbar za ta sha kafin ta ɗumama. Mai ƙarfe kuma a kilo zai saye ta, tan ɗaya da rabi na baƙin ƙarfe, shi ke nan.

Haj Idirisa (Mai Wurno): Sale, bar yaron nan. Wanda ya hana a kai kayan ubansa wajen masu guduma ai ba a yi masa faɗa.

Ku yara kun tashi kun tarar da tarakta ko'ina, kuna ganin kamar da ita aka halicci ƙasar nan. Madatsar Sinnar an gama ta a 1925, a shekarar aikin noman ban-ruwa na Jazira ya fara, kuma hannun kakanninmu ne ya tsinci audugar. Noman inji na damina a wajen Gadarif sai tsakiyar shekarun 1940 aka fara shi, a Gadambaliya. Hukumar noman inji ma sai 1968 aka kafa ta. Duk taraktar da ta rage daga wancan zamani shaida ce, kuma kullum raguwa suke yi, don ana yanka su ana narkarwa.

Kafin 35 akwai yayarta, Ferguson mai ruwan toka, TE20. An ƙera ta a Kobentiri ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, fiye da rabin miliyan. Da sandar giya ake tayar da ita, ka ɗaga ka tura ta inda aka rubuta S, don haka ba yadda za ta tashi tana cikin giya. Irinta guda uku mai yawon bincike Edmund Hillary ya tuƙa a kan ƙanƙara har ƙarshen kudancin duniya, ya isa a Janairun 1958. Abin da ya ɗaukaka Harry Ferguson, mai kamfanin, shi ne hannayen nan uku na baya da ake ɗaura garma a kansu. Garma ta zama jikin tarakta. In ta ci karo da ƙasa mai tauri, nauyin ya koma kan tayoyin baya su ƙara kamawa, maimakon gaba ya ɗaga ya kifa da direba. Kusan duk taraktar da kuke gani yau wannan dabarar take amfani da ita.

Abakar, duba akwatin kayan aiki. In ka ga sifana mai baki biyu, tsawonta inci 10, da zanen inci a jikinta, ta kamfanin ce. Da ita ake auna zurfin huɗa. Ɓoye ta.

Abakar (Gadarif): Allah ya ƙara girma, Baba Haj. Akwatin babu komai sai busassun ganye da wata tsohuwar kusa.

Hajiya Hawwa (Kasala): Sallama gare ku. Ni ba bakanikiya ba ce, amma ina da Fordson Dexta da maigida ya bari, shuɗiya, tana shiga tsakanin layukan ayaba da lemo a sawagi, wato lambunan nan namu, inda manyan ba sa iya juyawa. Ita ma silinda uku ce, an yi su daga 1957 zuwa 1964. Shawarata ba ta ƙarfe ba ce, ta riƙon kaya ce.

Abakar, kada tarakta ta bar gidanku. Kafa mata rumfa, bakanike ya zo ya same ta. Tawa na taɓa barinta a wani gareji don a gyara kuloci, ta dawo da fitilun roba na kasuwa, nata na asali an ce wai sun fashe. Tsohuwar tarakta in ta kwana a gareji, kantin isbir ta zama.

Na biyu, duk abin da za a kwance, ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa. Tara gwangwanayen madara, kowane sashe da nasa, ka rubuta a jiki: notunan bonet, notunan tanki, haka. Tsohon da aka cire kada a yar, ko ya lalace, don da shi za ka gwada sabon a kanti. Sannan ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka kashe. Ladan aiki kuma kashi-kashi, in an gama sashe a biya. Usta ya yi haƙuri, ba da shi nake ba.

Usta Haruna (Gadarif): Hajiya, ai gaskiya kika faɗa. Ni ma na fi son aiki a gidan mai kaya. Ƙari ɗaya: notunan taraktar nan na inci ne, ba na milimita ba. Yaran gareji za su ɗora mata sifana lamba 13 ko 14 su murje kawunan. A nemi saitin inci tun yanzu.

Musa (Jidda): Salam jama'a. Maganar isbir, ƙanena ka kwantar da hankalinka. Masana'antar Kobentiri ta daina ƙira tun 2002, amma jinin taraktar bai ƙare ba. Millat a Lahor ta Pakistan tana yin Massey 240, TAFE a Indiya tana yin 1035 wadda jikar 35 ce kai tsaye, kayan Turkiyya ma suna da yawa. Masu kayan tsofaffin taraktoci irin Sparex da Bepco suna yin har bonet da madigadi da tambarin gaba. Ƙananan kaya irin gaskit, sil, nozul da ringi zan iya haɗa maka a nan in ba matafiya masu bin jirgin ruwan Sawakin. Kuɗi ka tura ta manhajar banki ta Bankak wa iyalina a can. Farashi kam sai ranar saye, kun san yadda canji yake.

Ni ma ciwon son tsofaffin taraktoci ya kama ni. Ina da Kubota B7100 ta ƙarshen shekarun 1970, silinda uku, doki 16, duk ƙafafunta huɗu suna ja. A Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, na gan ta, daga wata gonar dabino. Wanda ke nan Saudiyya yana neman irinsu, tashlihin Biraiman, inda ake kwance tsofaffin ababen hawa a sayar da kayansu, galibi motoci ne. Gara ya sa ido wajen gonakin Kasim da Kharj da Ɗa'if. Tun da aka wajabta rage noman alkama saboda ruwan ƙasa, aka daina saye a 2016, injuna da yawa suka kwanta a can, sai dai mafi yawansu manya ne. A Amurka kuwa akwai waɗanda ba sa tara komai sai 'yan taraktocin lambu, irin John Deere 110 ta 1963 mai injin Kohler doki 7. Guda 1,000 kawai aka yi a shekarar farko, shi ya sa suke rububinta.

Usta Haruna (Gadarif): Musa, a nan ne nake son a buɗe kunne. Mai kanti zai ce maka kayan 240 duk suna shiga 35. Wasu suna shiga, wasu ba sa shiga, kuma waɗanda ba sa shiga su ne masu tsada.

Faɗin silindarsu iri ɗaya ne, inci 3.6, injin lita biyu da rabi. Amma na 35 sunansa A3.152, yana fesa jaz a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan injin, fistin ɗinsa kansa a shafe yake. Na 135 da 240 shi ne AD3.152, yana fesawa kai tsaye, kan fistin ɗinsa da rami. Fistin daban, nozul daban, kan injin daban. Sannan silif, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa, iri biyu ne, akwai mai ruwan kurom, akwai na baƙin ƙarfe, kowanne da ringinsa. Ka haɗa ringin kurom da silif ɗin kurom, ba za su taɓa zaunawa ba, hayaƙi da shan mai har ka gaji. Sil ɗin bayan karanshaf ma na tsofaffin igiya ne, na baya-bayan nan roba. Saboda haka kada a sayi ko wanki ɗaya na amra, wato babban gyaran injin, sai an buɗe injin an ga abin da ke ciki. Karanshaf a kai makharata, wato wurin masu feƙe ƙarfe da inji, a auna kafin a sayi mital, wato bawon ƙarfen da yake juyawa a kai.

Turumbar jaz kuwa, ta kamfanin CAV ce, kada kowa ya buɗe ta a ƙarƙashin bishiya. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. A kai wa masu bencin gwajin turumba su gwada ta tare da nozul. Kuma in ana gwada nozul kada a sa hannu a gaban feshin, yana huda fata.

Adam (Sabuwar Halfa): Ni tsatsa zan yi magana a kai. Molas, wanda muke ba dabbobi daga masana'antar sukari. Kashi ɗaya molas, kashi tara ruwa, a ganga ta roba. Wanke maiƙo da farko, sannan ka nutsa ƙarfen ka rufe. A zafin ƙasar nan mako biyu zuwa uku tsatsa ta saki, ka wanke da burushi ƙarfe ya fito fes. Yana shiga lungun da takardar yashi ba ta kaiwa. Amma ban da alminiyam, kuma ka ajiye gangar nesa da ɗakin Inna, don warinsa ba a magana. Da ka fitar ka busar, a ranar za ka shafa jan fentin farko mai hana tsatsa, in ba haka ba kafin gari ya waye tsatsar ta dawo.

Ka duba gangunan tayar baya wajen bawul. In an taɓa zuba wa tayoyin ruwa don nauyi, nan suke ruɓewa.

Abakar (Gadarif): Na gode, Yaya Adam. Na buɗe man giya kamar yadda wani ya ce mini, ya fito kamar shayi da madara. Matsala ce babba?

Usta Haruna (Gadarif): Ruwa ne ya shiga, ta robar gindin sandunan giya da ta tsage. Giya da turumbar ɗaga garma da akusil na baya duk mai ɗaya suke sha, kusan lita 30. Buɗe duk matosan ƙasa ya tsiyaye, ka wanke da jaz, ka sake robobin. Kada a zuba mata man difaranshal na lori mai warin ƙibiritu, ya yi wa turumbar kauri kuma ba ya shiri da jan ƙarfen da ke ciki. In ta tashi za mu rataya mata garma mu kashe injin mu gani. In hannayen suka sauka nan da nan, ringin silindar ɗagawa ne. Birki ma za ka tarar mai ya jiƙa shi, don sil ɗin akusil ya bushe. A sake sil kafin a sa sabon takalmin birki.

Ranar tayarwa ina son in kasance a wurin. Za mu fitar da iska daga filta, da kusoshin jikin turumba, da bakin bututan nozul. Mutum ɗaya ya tsaya da guntun katako kusa da bakin iska. Injin da ya daɗe a kwance yakan ɗauki gudu ya ƙi tsayawa, toshe iskar ne kaɗai ke kashe shi, kuma da katako, ba da tafin hannu ba. Ƙaramar sandar giya tana da S a tsakiya, sai tana nan sitata ke juyawa. In an taɓa haɗe wayar wannan makunni, a mayar da shi. Masu tayarwa daga ƙasa da sukundireba, tarakta na cikin giya, tayar baya ce ke bi ta kansu.

Musa (Jidda): Usta, dinamo fa? Ni a ganina ya sa altaneta ya huta.

Usta Haruna (Gadarif): In don aiki ne kawai, altaneta. In don a nuna ne, dinamon Lucas ya zauna, gawayi da bushi kawai yake so. Fitila biyu da sitata ai ba su fi ƙarfinsa ba. Amma a duba wace wayar batir ce ke zuwa jiki kafin a ɗaura, da yawa daga tsofaffin Ingila mai alamar tarawa ce.

Abakar (Gadarif): Akwai abin da ke damuna. A madigadin dama Baba ya sa an yi waldar wani ƙugiya na rodi, inda yake rataya salkar ruwa. Waldar ba ta da kyau, ta yi tudu, kuma ƙarƙashinta fentin ya goge wurin da salkar ke gogawa. Kujerar ma ya naɗe ta da buhu da igiya, buhun ya ruɓe amma ƙullin igiyar yana nan. In ana son ta koma ta kamfani, sai an yanke ƙugiyar ke nan?

Musa (Jidda): Masu bin asali sau da ƙafa za su ce a yanke, a cike, a goge. Amma su ma yanzu sun rabu biyu. Akwai masu cewa a wanke kawai, a shafa mai, a bar tarakta da tabonta.

Haj Idirisa (Mai Wurno): Ni ina cikin na biyun. Sabon fenti kowa da kuɗi zai iya saye.

Hajiya Hawwa (Kasala): Haj, zafin ranar Gadarif da daminarta ba sa barin ƙarfe tsirara. Ya yi fenti. Ƙugiya dai a bar ta, a nemo sabuwar salka a rataya. Wanda ya tambaya a ba shi labari.

Usta Haruna (Gadarif): In za a yi fentin, a yi daidai. Na farkon fitowa a 1956, FE35, bonet ruwan toka ne, injin ruwan zinariya. Daga 1957 aka koma ja da toka. Taka mai Perkins ce, don haka bonet da madigadi ja, injin da giya da akusil da ganguna ruwan toka. Kada a yi mata baƙin ciki irin na taraktocin yanzu, kada a fesa wa wayoyi da fanbel da tiyo. Lokacinsa bayan damina, da sassafe kafin iska ta taso, a yayyafa wa ƙasar rumfa ruwa. Ja yana saurin koɗewa a rana, a sayi na mota mai haɗin tauri, mai fesawa kuma ya rufe hancinsa da abin kirki. Amma duk wannan sai ta yi aiki wata guda mun ga inda take yoyo.

Malam Isa (Sinja): To maganar nunawa. Kafin yaƙi da sai mu ce baje kolin Khartum a Burri. Yanzu sai dai mu haɗa namu. Ni ba na son a jera su kawai ana ɗaukar hoto. A Turai gasar huɗa suke yi, ta duniya ma tun 1953 ake yin ta, kuma a ƙasashe da dama tsofaffin taraktoci suna da rukuninsu. Ana duba miƙewar kunya, daidaiton zurfi, da yadda aka rufe ciyawa. Mu yi haka a Janairu, an gama yankan dawa, gari da sanyi. Wannan ma zai amsa wa Kawu Sale.

Kawu Sale (Damazin): Ba zai amsa ba, Malam. Amma in ta tashi ina da buhunan gawayi da ke neman tirela.

Usta Haruna (Gadarif): Janairu a Gadarif laka ta bushe ta tsattsage, ƙafar mutum na faɗawa ramin. Ƙaramar garma ba za ta shiga ba, sai dai a karya baki. Ana son ƙasa mai laushi da za a iya ba ta ruwa.

Hajiya Hawwa (Kasala): Ku zo Kasala. Ina da fadan biyu, kamar eka biyu ke nan, da ban shuka ba bana, ƙasar Gash ce, a sake mata ruwa kwana kaɗan kafin ranar. Abinci a kaina. Sharaɗina ɗaya, Dexta za ta shiga, kuma yaron da ke tuƙa ta shi zai yi huɗar.

Adam (Sabuwar Halfa): Mu kusa ne. Akwai mai 135 a nan da mai tsohuwar Ford 3000, zan yi musu magana. Amma Abakar sama da kilomita 200 ne, a lori za ta zo. Kuma kowa ya riƙe takardunsa. Saboda taraktocin da aka sace, shingayen hanya ba sa wasa. Abakar, ka nemi takardar gado da lambar jikin tarakta a kanta.

Malam Isa (Sinja): Wannan muhimmi ne. Zan rubuta wa hukumar gari takardar sanarwa, taro a wannan lokaci ba a yin sa a ɓoye. A ja igiya tsakanin 'yan kallo da fili, kuma babu ɗaukar yara a madigadi.

Abakar (Gadarif): Jama'a albishir. Alamar allin ta gusa, yau kuma injin ya zagaya gaba ɗaya da hannu. Mun cire kan injin da Usta. Silinda biyu lafiya, ta tsakiya tsatsa ta ci bangonta, farce yana maƙalewa a ciki. Kan fistin a shafe yake.

Usta Haruna (Gadarif): Silif ɗin mai kurom ne, ya ɓare a ta tsakiyar. Ukun duka za a sake, ba ɗaya ba. Kan injin zan kai a gwada ko ya tsage, karanshaf kuma Asabar za mu sauke. Musa, kada ka sayi mital sai na turo maka awo.

Musa (Jidda): To. Akwai mai tafiya Sawakin ranar Alhamis ta sama. Abakar, turo mini lambar injin, ba ta farantin sitiyari ba, wadda aka buga a jikin bulok. Goge wurin da burushin ƙarfe ka shafa alli ta fito, ka ɗauki hoton da rana. Ka haɗa da hoton leɓen saman silif ɗin bayan Usta ya zare shi, da ruler a gefe.